Na Je Holan Wankan Jego

Tun da na dawo Jidda ba a bar ni na huta ba. Na je biki a unguwar Safa, an tsare ni tun daga bakin ƙofa. Na shiga unguwar Balad sayen kayan haɗa turare, Hajiya Fanna ta riƙe mini abaya a tsakiyar kasuwa, wai sai na faɗa mata ko da gaske ne a Holan rana ba ta faɗuwa. Na gaya wa wannan, na gaya wa waccan, har labarin ya fara dawo mini da ƙafafuwan da ba ni na sa masa ba. Kwanan nan wata ta ce ta ji kare ya cije ni a filin jirgi. Kare bai cije ni ba. Ga yadda aka yi daga bakin mai ita, kowa ya ji ya huta.

Ni 'yar Damagaram ce, amma ina goye aka zo da ni aikin hajji, ba a koma ba. A unguwar Aziziyya nake zaune, nan Jidda, sana'ata turaren wuta da humra. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwani don sunan mahaifiyata ta ci, tana aiki a wani asibiti Allah ya haɗa ta da wani Bature ɗan Holan, injiniyan famfunan ruwa. Ya musulunta tun kafin ya san ta, sunansa Yusuf. An sha daga kafin na yarda, amma wannan wani zance ne daban. Aka ɗaura aure, aikinsa ya ƙare, ya tafi da ita ƙasarsu. Shekara biyu sai dai murya a waya. Sai ga labarin ciki.

Na ce ko a bangon duniya take sai na je. Haihuwar fari, ba uwa a kusa? Wa zai gasa mata jiki, wa zai dama mata kunun kanwa? Yusuf ya aiko da takardun gayyata, na yi ta zarya har biza ta fito. Kafilina, Balaraben da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, Abu Salim, dattijo ne mai kirki, ya yi mini takardar fita da dawowa ta wata biyu, sannan ya ɗaga mini yatsa.

"Ya Hajja, in kika wuce wa'adi, halas, iƙama, takardar zamanki, ta mutu. Ko ni ba abin da zan iya."

Na ce wata biyu ai har da ragowa. Ta haihu, mu yi arba'in, in dawo.

Da mata suka ji Holan za ni, gidana ya koma kamar tasha. Kowa atamfa take so. "Ai can ne gidanta," in ji Hajiya Fanna, "ko a bakin titi za ki tsince ta." Na ce to. Na haɗa kayana: kanwa, gero, yaji, daddawa, kilishi, dabino, turare da kaskonsa. Ranar tafiya da safe na sa aka saro mini rassan darbejiya daga bishiyar bayan gidanmu, na naɗe su a jiƙaƙƙen tawul, don wankan jego ba ganye ai ba wanka ba ne.

Jirgi bai ba ni wahala ba, sai dai da muka fara sauka na leƙa ta taga. Ƙasa ce a shimfiɗe kamar tabarma, shar da ita, an tsattsaga ta da ruwa layi-layi. Na nemi ko da ɗan tudu guda ban gani ba.

Wahalar a ƙasa take. Mai duba fasfo ya yi mini tambaya da yarensu, ya sake da Turanci, ni kuwa daga Hausa sai Larabci. Na gane dai yana tambayar abin da ya kawo ni. Sai na zana ƙaton ciki a gabana da hannu biyu, na yi kamar ina jijjiga jariri. Ya dubi fasfo, ya dubi furfurar da ta leƙo ta gefen mayafina, ya dubi cikina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya duba. Ashe sun ɗauka ni ce zan haihu. Allah ya taimake ni aka samo wani ma'aikaci ɗan asalin Maroko. Larabcinsa kamar yana tauna tsakuwa, amma mun fahimci juna. Da ya fassara musu, mai fasfon ya yi dariya har kunnuwansa suka yi ja, ya buga hatimi.

Na ɗauko akwatina ke nan sai ga kare, ƙato, da igiya a hannun wata mata mai kayan sarki. Ya zo ya shinshina akwatin, ya zauna a gabansa kamar almajirin da aka ce ya jira. Ni kuwa na yi tsalle na haye kan keken tura kaya ina ta a'uzu. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da kare ke nan. Aka kai ni wani ɗaki aka buɗe akwati. Da aka kwance ƙullin daddawa, duk suka ja da baya. Da aka zo kan kanwa kuwa, fara tas a dunƙule cikin leda, sai suka dubi juna, sun ɗauka hodar iblis ce. Aka sa safar hannu, aka kira wani babba.

Ɗan Maroko ya ce, "Ya Hajja, mene ne wannan? Ki faɗi gaskiya."

Na ce, "Kanwa ce."

"Me ake yi da ita?"

"Sha ake yi. Mai jego ta sha, jikinta ya yi ƙarfi."

Na ga fuskarsa ta canja, sai na gane na ƙara dagula lamarin. Na ɓalli 'yar kaɗan na lasa a gabansu. Matar nan ta yi ƙara ta riƙe mini hannu. Aka ɗiba aka kai wani wuri aka gwada, aka daɗe, sannan aka dawo mini da abata aka ce wani irin gishiri ne. Na ce ai da ma. Amma kilishi an riƙe, wai ba a shiga da nama. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa ni hawaye shi ne darbejiyata. Suka ce ɗanyen ganye ba ya shiga ƙasarsu, kada ya kawo wa shukarsu cuta. Ina ji ina gani aka jefa ta a kwandon shara.

A waje na hango Uwani, ciki ya yi gaba, fuska ta cika. Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Yusuf ya rusuna daga nesa ya gaishe ni kamar yadda ya koya a Jidda. Sai wani dogon tsoho mai gajeren farin gashi, da wando da rigar sanyi, ya nufo ni hannu a buɗe zai sumbace ni a kumatu. Na ja mayafi na rufe fuska na koma bayan Uwani.

"Subhanallahi! Ki ce wa baban mijinki mu ba ma haka."

Uwani ta dafe baki. "Ya Ummi, mamarsa ce!"

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Baiwar Allah ta sauke hannuwanta, ta gyaɗa kai, ta juya ta ɗauki akwatina ita kaɗai kamar ba komai a ciki. Haka muka fara da surukar 'yata. Suna kiranta Oma, wato kaka da yarensu, mijinta ya daɗe da rasuwa. A jirgin ƙasan da ya kai mu lardinsu, can kudu wajen bakin teku, ba ta ƙara kallona ba. Ni ma na mai da ido taga. Shanu na gani ƙosassu, ba tozo, ba makiyayi, ba shinge, ruwa ne kawai ya kewaye kowace gona. Mutane kuwa kowa a kan keke: mai kwat, mai goyo, tsohuwar da ta girme ni.

Gidan siriri ne kamar an matse shi tsakanin maƙwabta, matakalar bene kuwa tsani ce aka yi wa fenti. Da rarrafe nake hawa, da baya nake sauka. Tagar falo ƙatuwa, tana kallon titi, ba labule. Kana cin abinci mai wucewa yana ganin lomarka. Washegari na ɗauko zanena na rataya. Oma ta zo, gidanta yana nan kusa, ta tsaya ta kalli zanen, ta kalle ni, ta cire shi ta ninke da kyau ta miƙo mini. Uwani ta ce a nan wanda ya rufe taga da rana, sai a ce yana da abin ɓoyewa. Na ce mu kuwa wanda ya buɗe, sai a ce ba shi da kunya.

Abinci kuma burodi da cuku da safe, burodi da cuku da rana. Tukunya ba ta hawa wuta sai da yamma, shi ma dankali ne da ganye. Baƙo in zai zo sai ya yi waya an sa masa rana kamar ɗaurin aure, in ya zo a ba shi kofi da biskit ɗaya, a rufe gwangwani. Yusuf ya kai ni kasuwa ya saya mini wani kifi ɗanye da albasa, ya nuna mini yadda ake riƙe wutsiya a ɗaga kai a zura. Na ce ya ci mini, na yafe. Rana kuwa, Hajiya Fanna, tana faɗuwa, amma sai ta ga dama. Lokacin da a Jidda an yi isha an shiga hira, can ko magariba ba a yi ba.

A teburin cin abinci ne Yusuf ya faɗa mini abin da ya hana ni sukuni. Yana faɗa yana murmushi kamar mai albishir.

"Hajja, kin san gidan nan teku ya fi shi tudu?"

Na ajiye cokali. "Kamar yaya?"

Ya ce sunan ƙasar ma da yarensu ma'anarsa ƙasa mai kwari. Yanki mai yawa nata da can ruwa ne, kakanninsu suka yi ganuwa suka tare teku, suka kafa injinan iska masu fukafukai suna kwarfe ruwan, har ƙasa ta fito suka yi gonaki. Yanzu famfuna ne ke aikin, dare da rana.

"In famfon ya tsaya fa?"

"Ba ya tsayawa. Aikina ke nan."

Ku da kuka ga ruwan da aka yi a Jidda lokacin hajjin bara kun san abin da na tuna. Ruwan wuni ɗaya, na ga motoci suna yawo kamar kwanon sha, ƙanwata ta fita daga gidanta da kayan jikinta kawai. Ga ni yau an kawo ni inda teku yake saman kaina, kuma surukina ne yake riƙe da shi. Na ce a mai da shimfiɗata ɗakin sama, tsani ko ba tsani.

Zancen atamfa kuwa, ku yi haƙuri. Na zaga kasuwar garin tun daga farko har ƙarshe, ban ga ko ƙyalle ba. Matan Holan baƙi da toka-toka suke sawa kamar masu takaba. Na nuna wa wata mai shago zanen jikina na ce "Holan, Holan," ta shafa ta ce kyakkyawa ne, daga Afirka na zo da shi? Yusuf ne ya warware mini. Ya ce mutanensu 'yan kasuwar teku ne tun da, su suka mulki ƙasar Jawa, waɗannan Jawa dai da muke zaune da su a nan. A can suka ga irin rinin, suka kwaikwaya da inji don su sayar musu, Jawa suka ce ba sa so, sai mutanenmu suka karɓe. Masaƙar tana can wani gefen ƙasar, abin da ta yi duk jirgi yake shiga. Na ce wato mai tuwo ba ya cin tuwonsa. 'Yan turamen da na kawo, a shagon wani ɗan Kumasi na same su a birnin Rotadam, shi ma sai da ya yi mini ciniki da Hausa.

Duk wannan yawon na yi shi ne don haihuwa ta ƙi zuwa. Lokacin da likita ya faɗa ya zo ya wuce, Uwani tana nan tana tura ciki. Kullum na idar da salla sai na tuna yatsan Abu Salim. Arba'in ɗina tana ta guntulewa tun ba a fara ba.

Ranar da naƙuda ta tashi, da hantsi, na ɗauko mayafi na ce a fito da mota. Yusuf ya ce ba inda za a je, a gida za ta haihu, haka da yawansu suke yi in ba matsala. Na ce duk asibitocin Turai? Sai ga ungozoma ta iso a kan keke, da jaka a baya. Na tsaya ina kallon ikon Allah: na ƙetare teku na zo na tarar da haihuwar ɗaki irin ta kakata. Amma matar ta san aikinta. Kafin la'asar Uwani ta sauka lafiya, mace, ja-jawur, da gashi baƙi irin namu. Yusuf ya yi mata kiran salla a kunne.

Ban gama hamdala ba na leƙa waje na ga Oma tana kafa wani tsuntsun katako mai kama da shamuwa a ƙofar gida, da allo a wuyansa. Na tambayi Yusuf me aka rubuta. Ya ce sunan jaririya, don maƙwabta su sani.

"Suna? Yau? Ba rago, ba liman, ba kwana bakwai?"

Ya fita ya yi wa uwarsa magana. Ta cire allon ta bar tsuntsun, ta wuce ni ta shige kicin. Can ta shigo da faranti, wani busasshen burodi da aka barbaɗa wa 'yan ƙwayoyi ruwan hoda da fari, wai shi ake ci in an haihu. Na karɓa don kunya. Da na tauna sai na ji yansun ne, ƙwayar nan mai ƙamshi da Larabawa ke dafawa kamar shayi, aka lulluɓe da sukari. Uwani ta ce sun ce yana kawo ruwan nono. Na ce a raina, ashe su ma sun san wani abu.

Washegari aka turo nas ta jego. Haka al'adarsu take, mace tana zuwa gidan mai haihuwa kullum har mako ya zagayo, ta duba uwa, ta duba ɗa, har shara tana yi. Doguwa ce, fara'a gare ta, amma komai sai ta auna. Ta tarar na ɗora babbar tukunya ruwa yana tafasa, ta tambaya. Da aka gaya mata, ta zaro ido ta kashe wutar da hannunta. Ta ce wannan ruwan fige kaza ne. Oma tana tsaye a bayanta tana gyaɗa kai. Na ce to bari in turara ɗakin ko ƙarnin haihuwa ya fita. Na sa garwashi a kasko, na zuba turarena mai kyau, wanda amare suke layi a kansa. Hayaƙi bai gama tashi ba wata 'yar na'ura a rufin ɗaki ta fasa ihu kamar an taka wutsiyar mage. Jaririya ta tsandara kuka, maƙwabci ya faɗo gidan da tukunyar kashe gobara, nas ta buɗe tagogi duka, sanyi ya shigo kan mai jego.

Uwani ta fashe da kuka. Jikinta duk ciwo, nono bai kawo ba, ga uwa ga suruka kowa yana ja.

"Ya Ummi, Allah ya bar mini ke, ki bari. Halas. Ki zauna kawai."

Na fita bayan gida na zauna a kan wani benci. Ba ganye, ba ruwan zafi, ba turare. Na bar sana'ata, na sa iƙamata a bakin wuta, na zo in zauna kawai. Na tuna yadda mahaifiyata ta yi mini nawa jegon a wani ɗan ɗaki a Balad, tana fyaɗa mini ganye ina ihu tana cewa gobe za ki gode mini. Yanzu tawa 'yar ta zama ta wasu, jikata ma za ta tashi ba ta san ɗumin hannunmu ba. Na yi kuka mai isata. Da na ɗaga kai na ga Oma a tagar kicin tana kallona.

Da safe ta zo da kekenta, ta tsaya a gabana, ta buga kujerar baya da tafin hannu. Uwani ta leƙo daga gado ta ce, "Jiya ta tambaye ni abin da aka ƙwace miki a filin jirgi, na zana mata ganyen. Ta ce ki hau."

Ni da ko jaki ban taɓa hawa ba. Na tattare abaya na zauna a karkace, na rungume matar da na ƙi yarda ta taɓa ni. Muka tashi muna tangaɗi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ina salati da ƙarfi, ita kuwa tana taka keke kamar ta ɗauko buhun auduga. Ba mu yi nisa ba gefen abayata ya shige cikin ƙafar keken. Muka tafi luu, muka zube a ciyawa, tazarar taku kaɗan da ruwa. Wata saniya ta ɗago kai tana kallonmu. Na dubi Oma, ciyawa a gashinta, ta dube ni, mayafi ya koma ƙeya. Ita ta fara dariya. Muka yi ta yi har na riƙe ciki.

Ta kai ni bakin wata korama inda wasu itatuwa suka yi layi, ganyensu siriri dogo. Ta karyo reshe ta miƙo mini. Na murza, na shinshina, na tauna. Ɗaci! Ba darbejiya ba ce, amma 'yar uwarta ce ta nesa. Na ɗaga mata babban yatsa. Muka cika kwandon keke.

A hanyar dawowa ta tsaya a gindin wata doguwar ganuwa mai ciyawa, ta ja hannuna muka hau. Daga sama na ga abin da Yusuf ya faɗa da idona. A wannan gefe teku, toka-toka, yana ta tunkuɗo kansa. A wancan gefe rufin gidaje, can ƙasa. Na ja da baya. Muka gangara cikin ƙauyen, ta tsaya a jikin wani tsohon gini ta nuna mini wani layi da aka zana a bango, sama da tsayin ƙofa. Ta nuna teku, ta nuna layin. Ta sauke hannu daidai ƙugunta, tsayin ƙaramar yarinya, ta nuna kanta. Ta nuna rufin gida. Sannan ta ce, "Mama," ta yi da hannu kamar abin da ruwa ya share ya tafi da shi.

Ba na jin yarenta, amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ban san abin da suke faɗa a ta'aziyyarsu ba. Na ce, "Allah sarki," na kama hannunta na riƙe. Daga baya Uwani ta cika mini labarin. Shekara hamsin da wani abu da suka wuce, cikin hunturu, teku ya fasa ganuwar lardin ya ci mutane da dabbobi masu yawa. Bayan nan ne suka gina manyan ƙofofin da suke rufe bakin teku in ya yi fushi. Oma a kan rufi aka tsince ta. Da ta haifi Yusuf, nas ce kawai ta zo mata, ta yi kwanakinta ta tafi.

Da muka iso gida, Oma ce ta tari nas. Ban san me ta faɗa mata ba, amma na ji muryar, irin wadda ba a mayar wa magana ce. Aka yi sulhu: a jira ungozoma ta duba ta ba da izini, kuma nas za ta tsoma ma'auninta a ruwan, in ya wuce inda ta ce sai a surka. Da ranar ta zo, ni da ganye, Oma da bokiti, nas da ma'auni, mu uku a kan yarinya ɗaya a banɗakin da bai fi akwati ba. Ruwan bai kai yadda nake so ba, amma da na fara fyaɗa mata ganyen nan a baya, Uwani ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Ummi, ƙara nan." Na dama kunun kanwa, Oma ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ƙara cokali. Ranar Uwani ta yi barci kamar an ɗauke ta. Nono kuwa ya zo har yana zuba. Ko kununa ne, ko yansun ɗin Oma, ko kwanciyar hankali, Allah ne masani.

Aka yi suna, Yusuf ya sa wani mahauci ɗan Turkiyya ya yanka rago, yarinya ta ci suna Safiya. Na dafa shinkafa tukunya guda, Oma ta riƙe faranti muka bi maƙwabta gida-gida ba tare da an yi wa kowa waya ba. Aka mayar wa tsuntsu allonsa.

Sai dai wa'adi ba ya jin roƙo. Arba'in da saura, takardata ta zo ƙarshe. Na yi tunanin in zauna, abin da zai faru ya faru, Uwani ta ce in na rasa iƙama ina za ni, Damagaram ɗin da ban san kowa ba? Kwanakin da suka rage na sa Oma a gaba. Na nuna mata yadda ake riƙe ganye, inda ake fara fyaɗawa, yadda ake jiƙa kanwa a tace. Tana kallo, tana gwadawa a kan matashin kujera, har "yalla", wato maza, da nake ce wa Uwani in ruwa ya yi, ta kama. A filin jirgi ta buɗe hannuwa, ta ɗan tsaya tana jira ta ga abin da zan yi. Ni na fara rungume ta. Sau uku suke sumba, dama, hagu, dama. Na ƙara mata ɗaya.

Na dawo da 'yan kwanaki, ina cikin haɗa turaren wata amarya, waya ta yi ƙara. Uwani ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ɓuya.

"Ummi, don Allah ki yi wa ƙawarki magana."

Na ajiye turaren. "Me ya faru? Ina Safiya?"

"Lafiyarta lau. Ni ce dai. Tun da kika tafi, ko fashin rana ɗaya ba ta yi ba. Ruwanta ya fi naki zafi, hannunta ya fi naki nauyi. Na ce mata na warke, ya isa haka, ta ce Hajja ta ce arba'in."

Ina riƙe da wayar sai na jiyo muryar Oma daga nesa, tana buga bokiti.

"Yalla, Uwani! Yalla!"

Na goge idona da gefen mayafi. Na ce, "Tashi ki je, kada ruwan ya huce."